Malama Runtse da Littafi Mai Tagogi

A cikin takardun makarantar firamare da ke bayan tashar mota, sunan matar da zan ba da labarinta ya fito sau huɗu kacal: ranar da aka ɗauke ta aiki, ranar da ta nemi a gyara rufin ajinta, ranar da aka cire ta daga ajin, da ranar da ta yi ritaya. Shekara talatin da ɗaya ke tsakanin ta farkon da ta ƙarshen. Wanda ya dogara da takardu kaɗai zai ce mace ce da ta zo, rufi ya yi mata yoyo, ta tafi. Sauran labarin na samo shi ne daga bakinta, a zama uku da muka yi a tsakar gidanta, da bakin yayarta da na maigidanta, da kuma mutum goma sha tara waɗanda suka zauna a gabanta suna 'yan shekara biyar. A unguwar ba mai kiranta da sunan da ke cikin takardun. Malama Runtse ake ce mata, har jikokinta, kuma da shi zan kira ta.

Tana da shekara goma sha tara aka ba ta ajin share fage, wanda kowa ke kira ajin ƙanana. Ba don an ga wata baiwa a tare da ita aka ba ta ba. Ajin ne ba mai so. Ɗaki ne a ƙarshen baranda, kusa da famfo, mai taga biyu da allo ɗaya da ya tsage daga kusurwa. Yara hamsin da takwas ne a kan tabarmi huɗu. Kayan koyarwar da aka miƙa mata su ne kwalin alli da littafin labari guda ɗaya, mai ganye goma sha ɗaya, a kan jakin wani mai sayar da ruwa da ya iso bakin gada ya ƙi hayewa.

Littafin yana nan har yau, na riƙe shi da hannuna. A kowane ganye akwai layi biyu ko uku na rubutu daga ƙasa, daga sama kuwa rami ne mai kusurwa huɗu, yankan reza, tsaf kamar da magwaji aka auna. Mako guda kafin Malama ta kama aiki, an sanar da shugaban makarantar na wancan lokaci cewa manyan baƙi za su kawo ziyara. Ya dubi bangon ofishinsa ya ga ba abin kallo, sai ya yanke hotunan littafin ya manna su a jere bisa kujerarsa. An yi sa'a ba a buga komai a bayan hotunan ba, don haka labarin ya tsira.

Malama ta je ta roƙe shi ya mayar mata da su.

"Malama," in ji shi, "ɗan shekara biyar me ya sani game da hoto? Yagawa zai yi. Baƙi su ne suka san darajarsa."

Baƙin ba su zo ba a shekarar. Hotunan suka zauna a bango har rana ta cinye launinsu.

Ranar da ta fara karanta labarin, ta ɗaga ganyen farko yadda ta ga malamai na yi, sai yaran suka hangi allo ta cikin ramin. Wani daga tabarmar gaba ya ce, "Malama, ina jakin?" Ajin duka ya ɗauka, masu kuka na yi, masu tsalle na yi. Ta gaya mini cewa amsar da ta bayar ba dabarar koyarwa ba ce, neman numfashi ne.

"Ya shige ciki," ta ce musu. "Ku runtse idanunku, za ku gan shi."

Suka runtse. Ta samu shirun da take nema, ta sake karanta layin a hankali. Can sai wata yarinya mai majina ta yi ihu, ido a rufe: "Na gan shi! Kunnensa ɗaya a karye yake!"

"Ƙarya ne," in ji na kusa da ita. "Nawa duk a miƙe suke."

"Naka daban," in ji yarinyar.

Malama ta ce ta tsaya da littafin a hannu tana kallon fuskoki hamsin da takwas a yamutse, kowa na kallon wani abu da babu shi a ɗakin. Sai ta ji bakinta ya tambaya, "Wane kunne? Na dama ko na hagu?"

Daga wannan rana ta samu sunanta da kuma hanyar aikinta, kuma hanyar ba ta sauya sosai ba cikin shekara ashirin da bakwai. Takan karanta jimla ɗaya ta tsaya. Sai tambayoyi su biyo: me ke ƙarƙashin ƙafar jakin, yashi ko tsakuwa? Mai ruwan yana gabansa ko yana bayansa? Rana tana ina? Akwai wani a ƙetaren gadar? Ba a buɗe ido sai ta tafa. In ta tafa, za su tarar ta rubuta kalma ɗaya a allo, jaki ko gada ko ruwa, ta ce musu wannan ce ƙofar abin da suka gani, duk inda suka gamu da ita su tura su shiga. A hankali tsofaffin ɗalibanta suka riƙe mata dokoki uku, kuma duk wanda na tambaya ya kawo su daidai. Ba a ce wa kowa maƙaryaci a kan jakinsa. Ba a saɓa wa littafi: in littafi ya ce jakin yana bakin gada, ba ka da ikon jefa shi cikin kogi, sai ka koma ka saurari kalmar. Ta ukun ita ce wanda bai ga komai ba ya faɗi gaskiya. Irin wannan yaro, kuma kusan kowace shekara akan samu ɗaya ko biyu, takan zaunar da shi kusa da kujerarta, ta ba shi aikin yi wa sauran tambayoyi. A ajin ana ɗaukar wannan babban muƙami ne, har masu gani kan yi ƙoƙarin ɓoye ganinsu don su samu.

Ba ni da ƙididdigar da zan nuna cewa yaranta sun fi na wasu iya karatu, don ba a yin irin wannan awo a lokacin. Abin da nake da shi ƙorafi ne. Malamin aji ɗaya, wanda ya gaji yaranta shekara tara a jere, ya ce mini sun iso masa suna karatu da fahimta, amma sun hana shi sakat. In ya rubuta a allo cewa wata mata ta ɗauko lemo biyar biyu suka faɗi, kafin ya tambayi saura nawa, hannu goma sun tashi: a ina suka faɗi? Ta duƙa ta ɗauka ko ta bar su? In ta ɗauka ai biyar ɗin suna nan.

Ga mai aikin tarihi, abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne shaidar mutum goma sha taran nan. Goma sha ɗaya daga cikinsu sun rantse mini cewa littafin yana da hotuna, kuma sun gan su. Wani tela ya ce jakin toka-toka ne, da jan ƙyalle a gadon bayansa wanda aka yi wa ɗinkin banza. Wani direban motar haya bai damu da jakin ba, gadar ya riƙe: ta katako ce, katako na uku ya zube, kuma a ra'ayinsa jakin ya fi ubangidansa hankali. Wata ma'aikaciyar jinya ta tuna da ciwo a ƙafarsa ta baya, ƙudaje na bi. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin rubutun. Da na ɗauko littafin na miƙa wa direban, ya juya shi gaba da baya, ya zura yatsa ta cikin ramin, ya maido mini.

"An canza shi," in ji shi. "Wannan ba namu ba ne."

Akwai abin da ba ɗaya daga cikinsu ya sani, mutum biyu kawai suka san shi a duk tsawon shekarun nan, yayarta da maigidanta. Malama Runtse in ta runtse idonta ba ta ganin komai. Ba jaki, ba gada, ba ko ƙofar gidanta. Duhu ne kawai, kamar cikin tulu.

Ta gane haka tana da shekara tara, bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta ji yayarta tana cewa duk sanda ta rufe ido fuskar Inna take gani. Ita ma ta gwada, ta matse ido har ya yi mata ciwo, ba abin da ya zo. Ta san Inna tana da wushirya, ta san doguwa ce, amma sanin irin na wanda ya san Talata ke bin Litinin ne. Hoton mahaifiyar kuwa babu ko ɗaya a gidan. Sai ta koma bin yayarta da tambaya.

Yayar, wadda yanzu ta haura saba'in kuma bakinta bai tsufa ba, ta ba ni labarin tana tankaɗe. "Ina wanke-wanke sai ta zo ta tsuguna: 'Yaya, rufe ido.' In rufe. 'In Inna za ta yi dariya wane gefen bakinta ke fara tashi?' In ce na hagu. 'Ɗankwalinta ya rufe kunne ko bai rufe ba?' Na ce ke wai ba ki da ido ta ciki ne? Ta ce babu. Na ɗauka iya shege ne, har na make ta. Amma ka san wani abu? Da ba don tambayoyin nan nata ba, da ni ma fuskar ta gudu mini tuntuni."

Ina ganin a nan asirin ajin nata yake, ko da yake wannan fahimtata ce, ba shaida ba. Malamai da dama sun leƙo ta taga sun kwaikwayi hanyarta, ba ta yi musu aiki ba. Kowannensu yana da nasa jakin a kai, in yaro ya kawo wani dabam sai fuskar malamin ta nuna, yaron kuma ya gyara. Ita ba ta da jakin da za ta auna na kowa da shi. In ta tambayi yaro me ke ƙetaren gadar, ba jarrabawa take masa ba, ba ta sani ba ne, kuma tana so ta sani. Yaro ɗan shekara biyar bai iya ɗaura igiyar takalminsa ba, amma ya san bambancin babban da ke tambayarsa don ya kama shi da wanda ke tambayarsa don ya ji.

A shekararta ta ashirin da bakwai a ajin, takarda ta zo daga ofishin ilimi. An gano wata sabuwar hanyar koyar da karatu ga ƙananan yara, mai suna karatu da idon zuci. Duk mai koyar da ajin share fage zai halarci bita ta kwana biyar, a ba shi takardar shaida. Wanda bai samu shaidar ba, ba zai ci gaba da riƙe ajin ba.

Jami'in da ya gudanar da bitar matashi ne mai ladabi, wanda bai kai shekarun aikinta da haihuwa ba sosai. Malaman suka sa masa suna Mai Jaka, don jakarsa ba ta sauka daga kafaɗarsa ko yana rubutu a allo. Ranar farko ya bayyana musu, daga littafin jagora, cewa malami zai karanta jimla ɗaya ya tsaya, ya ce wa yara su rufe idanunsu. Malaman da suka san ta suka riƙa taɓa juna suna danne dariya. Ita kuwa ta rubuta abin da ya faɗa a littafinta, layi-layi. Rana ta biyu da aka kira ta ta gwada, ya tafa mata.

"Mama, kin kama da wuri," in ji shi. "Kamar kin taɓa yi."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ta ce. "Iya koyarwarka ce."

Abu ɗaya ne a sabuwar hanyar ya zame mata baƙo. Kowane labari ya zo da manyan katuna masu hoto, waɗanda malami zai ɗaga bayan yara sun buɗe ido, domin su duba ko sun hango daidai.

Ta ɗaga hannu. "In yaro ya ga baƙin jaki, katin kuma ya nuna ja fa?"

"Sai ya gyara, Mama."

"Wa zai gyara? Yaron ko katin?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya wuce shafi na gaba.

Rana ta huɗu ya raba musu fom, a cika a gida a kawo washegari. Tambayoyi goma ne. Rufe idonka ka hango fuskar mahaifiyarka. Ka hango fitowar rana. Ka hango ƙofar gidanku. A gaban kowace akwai lamba ɗaya zuwa biyar: biyar na nufin ka gani sarai kamar a gabanka, ɗaya na nufin ba ka ga komai ba. Littafin jagora ya tanadi cewa malamin da bai kai uku ba, ba zai iya zame wa yara abin koyi ba.

Da la'asar ta zauna da fom ɗin a tsakar gida. Maigidanta mai gyaran agogo ne, yana kan teburinsa a bakin zaure da madubin aikinsa a ido. Yayar kuma ta zo karɓar rariyarta da aka ara. Su ukun duk sun ba ni labarin wannan zama, kuma abin mamaki bakinsu ya zo ɗaya.

"Zagaye biyar ki ba su abinsu," in ji maigidan, bai ko ɗago ba. "Wa zai buɗe kanki ya duba? Shekara talatin ina buɗe agogo, ban taɓa ganin sukudireban da ke buɗe kan mutum ba."

"Kawo nan in gane miki," in ji yayar. "Tun kina da shekara tara nake gane miki, yau ne zan gaji? Ta farko ma Inna ce. Ga ta nan ina kallonta. Sa biyar."

"Ke kika gani, Yaya, ba ni ba."

"Uwarmu ɗaya ai!"

"Malam," Malama ta ce wa mijinta, "ka san dokata ta uku?"

"Na san dokokinki duka, har a kaina ake aiki da su. Amma doka ta yara ce. Ke kin taɓa jin malamin da ya hana yara cin abinci a aji ya kwana da yunwa?"

"Kowace shekara akwai yaron da nake cewa ya miƙe a gaban 'yan uwansa ya ce bai ga komai ba. Ina ce masa ba abin kunya ba ne. Ɗan shekara biyar, yana rawar murya, ya miƙe ya faɗa. Yanzu ni da furfurata..."

"Za su karɓe ajin," in ji shi. A nan ne ya cire madubin daga idonsa. "Ke kuma in babu ajin nan, ni zan zama ajin. Ni za ki riƙa cewa in rufe ido. Agogunan mutane a hannuna."

Ta yi dariya, ta ɗauki biro, ta zagaye lamba ɗaya sau goma.

Washegari Mai Jaka ya tattara fom ɗin, ya duba, ya kira ta baranda. Na same shi, yanzu babba ne a wani ofishi, kuma bai yi mini rowar labarin ba. Ya ce ya zaro sabon fom daga jakarsa ya miƙa mata.

"Mama, ina jin ba ki gane tambayar ba."

"Na gane, ɗana."

"To ki ɗan ƙara. Ko uku-uku ne. Ba wanda zai sani."

"Kai in ka rufe naka me kake gani?"

Ya ce don ya nuna mata yadda ake yi ne ya rufe. Ya ce yana ganin mahaifiyarsa. Ta tambaye shi tana zaune ne ko tana tsaye. Tana zaune. A kan me? A kan wata 'yar kujera mai ƙafa uku da ya mance da ita shekara ashirin. Me ke hannunta? Hasken ta ina yake shigowa? Tana kallonsa ne ko tana kallon aikinta? Ya ce ya yi kusan minti goma sha biyar yana magana a barandar nan, malamai na wucewa, kuma da ya buɗe ido sai da ya nemi hankici. Bai taɓa ganin mahaifiyar tasa haka ba, kafin ranar ko bayanta.

Ya sake miƙa mata sabon fom ɗin. Ta ce na farkon ya isa. Shi kuwa ba shi da gurbin da zai rubuta abin da ya faru a baranda, gurbin maki kawai gare shi.

Na ga sakamakon bitar. Malamai arba'in da biyu suka halarta, arba'in da ɗaya suka samu shaida, talatin da huɗu daga cikinsu da biyar-biyar a duk tambayoyi goma. Ban san wani zamani da aka taɓa tara masu kaifin idon zuci haka a ɗaki ɗaya ba. A gaban sunanta an rubuta: ba ta da ƙwarewar da ake buƙata.

Shugabar makarantar ta lokacin ta rubuta wasiƙa tana roƙon a duba lamarin. Kwafin yana cikin fayil ɗinta na ofishin ilimi, amsar ce babu. Da aka dawo hutu aka ba wata sabuwar malama ajin, mai biyar-biyar. Ita kuma aka ba ta makullin sito, ɗan ɗakin da ke manne da ajin, inda aka jera sababbin katunan hoto. Aikinta ta fito da su da safe, ta karɓe su da rana, ta kakkaɓe musu ƙura.

Sabuwar malamar ba muguwa ba ce, littafin jagora ta bi sau da ƙafa. Yaran ne suka yi saurin gane inda aka dosa. Cikin 'yan makonni suka koyi cewa mai hankali yakan rufe ido ya yi shiru, ya jira kati, sannan ya ce abin da ya gani ke nan. Jakunan ajin duk suka koma launi ɗaya. Ba a ƙara samun yaron da bai ga komai ba.

Na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta daɗe tana juya kofin da ke hannunta. Ta ce safiyar farko a sito ta ji ta cikin bango ana cewa ku rufe idanunku, ita ma ta rufe, don sabo. Ta tsaya tana jiran wani ya gaya mata abin da ke wurin.

"Duhun na saba da shi tun ina yarinya," ta ce. "Shirun ne ban saba da shi ba."

Shekara huɗu ta yi da makullin, ta yi ritaya. Littafin mai tagogi ba ya cikin jerin kayan makaranta, don an soke shi tuntuni a matsayin wanda ya lalace, saboda haka ta tafi da shi gida.

Bara tsofaffin ɗalibanta suka yanke shawarar karrama ta. Ɗaya daga cikinsu mai zanen allunan shaguna ne, shi aka ba bangon ajin ƙanana na waje. Ya zana ta a zaune, ido a runtse, littafi a cinya, sannan bisa kanta ya zana wani babban gajimare, a cikinsa jaki da gada da kogi da mai ruwa da jarkokinsa, launi har launi. An gayyaci ofishin ilimi, wakilinsu ya zo ya yi jawabi, ya kira ta uwar wannan hanya ta koyarwa a yankin. Na koma na duba fayil ɗinta bayan taron. Jimlar nan da ta ce ba ta da ƙwarewa tana nan yadda take.

Da aka yaye ƙyallen da aka lulluɓe zanen da shi, ba a gama tafi ba gardama ta kaure. Telan ya ce ina jan ƙyallen? Direban ya ce wannan gadar siminti ce, in haka take me zai hana jaki hayewa? Ma'aikaciyar jinyar ta duba ƙafar baya ta ce an yi masa magani ba a gaya mata ba. Mai zanen ya ce duk wanda bai gamsu ba ga buroshi. Magidanta masu furfura suna nuna juna da yatsa, har wani ya ce wa wani maƙaryaci, aka tuna masa da doka ta farko.

Malama Runtse ta matsa kusa da bangon, yayarta na riƙe da hannunta. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon gajimaren.

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Yau dai na ga abin da ke cikin kaina."

Mai zanen ya rusuna, baki har kunne. "Ya yi, Malama?"

"Ya yi, ɗana, Allah ya yi maka albarka." Ta sake duban jakin, ta ɗan karkata kai. "Sai dai ni an gaya mini kunnensa ɗaya a karye yake."